Sandar da ke tsalle a hoton rana: yadda eriyar SOHO ta maƙale aka koma kifa kumbon duk wata uku

Ƙanina ne ya turo min wani ɗan bidiyo wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ko sakan arba'in bai cika ba, ya biyo shi da saƙon murya yana cewa "Yaya don Allah duba min wannan, wai NASA ce ta katse hoton don kar duniya ta ga abin da ya zo kusa da rana." Na buɗe. Hoto ne shuɗi, a tsakiyarsa wani faifai mai duhu da ɗan farin zobe a ciki, taurari birjik suna ja daga hagu zuwa dama a hankali, ga wata inuwa kamar sanda ta taso daga jikin faifan ta miƙe zuwa kusurwar ƙasa ta hagu, can gefe kuma wani abu mai haske da fiffike biyu a miƙe samɓal wanda mai bidiyon ya zagaye da jan layi ya ɗora masa kiɗa mai tayar da tsigar jiki. Sai hoton ya yi tsalle, lokacin da ke rubuce a ƙasa ya tsallake awanni, da ya dawo sandar nan ta bar ƙasa ta koma kusurwar sama ta dama. Bidiyon ke nan.

Da farko dariya na yi, amma da na sake kallo sai na ga ai tambayar yaron tana kan hanya, don abu ba ya barin wannan kusurwa ya koma waccan haka kawai, kuma katsewar ma da gaske ce ba mai bidiyon ne ya yanke ba. Abin da bai sani ba shi ne duka biyun, tsallen sandar da katsewar, asalinsu ɗaya ne, wani ɗan inji ne da ya maƙale a jikin kumbon tun 2003 kuma ba mai iya zuwa ya gyara.

Hoton na wata kyamara ce da ake kira LASCO C3, tana kan kumbon SOHO, haɗin gwiwar hukumar sararin samaniya ta Turai wato ESA da NASA ta Amurka. An harba shi ranar 2 ga Disamba 1995 daga Florida, da niyyar ya yi aikin shekara biyu, sai ga shi ya ƙi mutuwa. Yana can nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga nan ta ɓangaren rana, wurin da ake kira L1, inda abu zai iya zagaya rana kafaɗa da kafaɗa da duniya ba tare da ya wuce ta ko ta bar shi a baya ba. Ita kuwa LASCO husufi take haɗawa da kanta. Iskar da ke kewaye da rana, wadda masana ke kira korona (ba waccan da ta kulle mu a gida ba), haskenta ya gaza na fuskar rana da wajen ninki miliyan, ba ka ganinta sai an rufe fuskar, shi ya sa aka dasa ɗan faifai a gaban kyamarar ya tare rana kamar yadda kake sa tafin hannu a goshi in kana hango wani da tsakar rana. Wani Bafaranshe Bernard Lyot ne ya ƙirƙiro dabarar tun wajen 1930. To faifan nan ba a iska yake rataye ba, dole wani ƙarfe ya riƙe shi, kuma inuwar wannan ƙarfen ce sandar da ƙanina ya gani. Farin zoben ma zana shi aka yi don a nuna girman ranar da ke ɓoye a baya, shuɗin kuma fenti ne na kwamfuta, kyamarar ba ta san launi ba.

Yanzu ga inda matsalar take. SOHO ba a tsaye yake cak a L1 ba, kewaya wurin yake yi, zagaye ɗaya kusan wata shida. Da gangan aka tsara haka, don in ya tsaya daidai tsakaninmu da rana to manyan dish ɗin da ke sauraronsa daga ƙasa za su fuskanci rana kai tsaye, ita kuma rana tana da nata ƙugin na rediyo, zai zama kamar kana son jin raɗar mutumin da ke tsaye a gaban injin markaɗe. Tunda yana kewayawa, in ka tsaya a kan kumbon ka waiga baya za ka ga duniya ba ta zama wuri ɗaya, wata uku tana hagu wata uku tana dama, tana ɗan hawa tana ɗan sauka. Saboda haka babbar eriyarsa, wadda ke turo hotuna da sauri, an ɗora ta a kan injina biyu, ɗaya na kai ta sama da ƙasa ɗaya na kai ta hagu da dama, tana bin duniya duk inda ta yi.

Duk wanda ya taɓa hawa kan kwano yana saita dish ya san wannan wahalar, kana sama rana na dukanka kana murɗa noti da sifana, wani na ɗaki yana ƙwalo maka "ya kawo! a'a ya ɗauke! koma baya kaɗan, kaɗan na ce!", ka gusa da faɗin yatsa ɗaya sigina ya tafi gaba ɗaya. To ka ɗauka notin hagu da dama ya ci tsatsa ya ƙi motsi, tauraron da kake nema kuma yana yawo, kai kuma ba tsani ba hanyar hawa. Abin da ya sami SOHO ke nan a tsakiyar 2003. Masu kula da shi a cibiyar Goddard da ke Maryland suka lura eriyar ba ta zuwa inda aka aike ta ta ɓangaren hagu da dama, suka yi ta gwaji, zargi ya fi faɗawa kan injin ko giyarsa. A Yunin shekarar aka fito aka faɗa wa duniya cewa da alama za a riƙa rasa bayanan kumbon na sati biyu da rabi zuwa uku a kowane wata uku.

Maganin da suka samo shi ne ya fi burge ni a duk labarin, don irin dabarar makanikan bakin titi ce. In wuyanka ya ƙage ba ka iya waigawa, ai sai ka juya jiki gaba ɗaya. Amma SOHO ba shi da damar kau da fuska daga rana, kyamarorinsa da farantan solarsa duk can suke kallo, juyin da ya rage masa kawai shi ne irin na sitiyarin mota, fuska tana inda take jiki na mirginawa. Sai suka lallaɓa eriyar ta tsaya a wani wuri mai dama-dama a gefe ɗaya, inda za ta iya kama duniya a rabin zagayen, in duniya ta koma ɗaya gefen sai a mirgina kumbon digiri 180, kansa ya koma ƙasa ƙafarsa sama, eriyar da ke kallon hagu ta koma kallon dama ba tare da ta motsa ba. A Yulin 2003 aka fara, daga nan ya zama al'ada, duk wata uku a kifa shi, bayan wata uku a tayar da shi.

Amma akwai ɗan tsakani, lokacin da duniya ke tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, da eriyar ba ta kama ta da kyau ko an kifa ko ba a kifa ba. Ma'aikatan suka raɗa wa wannan lokaci suna da Turanci mai ma'anar kafar makulli. A nan ma sun rage asarar sosai, don sun gano manyan dish na NASA masu faɗin mita 34 da mita 70, waɗanda ke Goldstone a Kalifoniya da kusa da Madrid da kusa da Canberra, suna iya jin kumbon ko ta ƙaramar eriyarsa. Sai dai waɗannan manyan ba na SOHO kaɗai ba ne, layi ake bi, duk kumbon da ke can nesa su yake jira, a Yuni da Yulin 2003 ɗin ma aka harba motocin binciken NASA biyu, Spirit da Opportunity, zuwa duniyar Mars. In layi bai zo kanka ba sai ka adana abin da rumbunka zai iya ɗauka, sauran ya bi ruwa. Giɓin da ake gani a jerin hotuna ke nan. Wani lokacin kuma ana haɗa mirginawar da wasu gyare-gyare da ake kunna ƙananan rokokin kumbon, sai a dakatar da ɗaukar hoto har a gama.

To me ya sa sanda ce ke tsalle ba rana ba? Saboda kafin a saka hoton a intanet manhaja tana juyo shi ta mayar da arewa sama, don masu nazari kar su ruɗe. Kumbo ya kife, an juyo hoton, rana da taurari sun koma yadda suke, amma ƙarfen da ke riƙe da faifai a jikin kyamara yake, shi ya bi kumbon ya kife, don haka sai ya ɓullo a kusurwar da ke kallon ta da. In ka samu hoton da aka ɗauka ana tsakiyar mirginawa kuwa abin ya fi haka ban mamaki, komai a karkace, taurari sun ja layi sun lanƙwasa don kyamarar tana buɗe ido na wasu sakanni kumbon kuma yana motsi.

Kar a ɗauka juya kumbo wasa ne, musamman wannan kumbon. Ba da roka ake yawan yi ba, akwai wasu faya-fayan ƙarfe masu nauyi a cikinsa da lantarki ke wulwulawa, in aka ƙara wa ɗaya gudu ta wannan gefe sai jikin kumbon ya juya ta ɗaya gefen, kamar ka zauna a kujerar mai aski ka ɗaga ƙafa ka wurga hannuwanka dama, kujerar ta yi hagu. Kuma SOHO ya taɓa leƙa lahira a kan irin wannan aiki. Ranar 25 ga Yuni 1998 ana cikin wani gyara na yau da kullum aka yi kuskuren umarni a kan na'urorin da ke gaya masa yadda yake juyawa, waɗanda ake kira jairo, ya rikice ya kau da farantan solarsa daga rana ya yi shiru. Sai 23 ga Yuli aka hango shi da rada, aka harba sigina daga ƙaton dish na Arecibo da ke tsibirin Puerto Rico mai faɗin mita 305 aka saurari amsa-kuwwar a Goldstone, aka ga yana nan yana katantanwa kusan sau ɗaya a minti. Ranar 3 ga Agusta ya fara amsawa, aka yi ta fama da man rokarsa da ya daskare, sai 16 ga Satumba ya sake fuskantar rana. A Disambar shekarar jairo na ƙarshe ya mutu, aka rubuta masa sabuwar manhaja ya koma aiki a Fabrairun 1999 ba jairo ko ɗaya. Wato kumbon da ake kifawa duk wata uku ɗin nan, ba shi da na'urar da aka ƙera masa tun asali don irin wannan juyi.

Washegari da yamma ƙanin nawa ya zo gida, muna zaune a ƙofar gida na karɓi wayarsa na dangwala yatsa a man gyaɗar da ke jikin ledar ƙosai na shafa a gefe ɗaya na gilashin kyamarar, ya ce "Haba Yaya, sabuwar waya ce fa." Na ce ɗauki hoton fitilar can ta kan titi. Ya ɗauka, hasken ya ja wani dogon jela ta gefe. Na ce to juya wayar kanta ya koma ƙasa ka sake ɗauka. Ya sake, wayar da kanta ta miƙar da hoton, fitila na nan inda take, falwaya na nan a tsaye, amma hazon maiƙon ya koma ɗaya gefen. Ya yi shiru yana kallon hotunan biyu yana goge gilashin da bakin riga, can ya ce "Au, wato duk abin da ya bi wayar ya juya na wayar ne." Ban ƙara masa komai ba don ya riga ya kamo bakin zaren.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne wannan abin da SOHO ke yi a kan dole, wasu kumbunan da gangan suke yinsa, saboda dalilin da yaron ya faɗa. Kumbon SDO na NASA, shi ma mai kallon rana, da aka harba 11 ga Fabrairu 2010, sau biyu a shekara ake sa shi ya yi cikakken zagaye na digiri 360, kamar wanda ya yi ranar 6 ga Yuli 2016 da ya ɗauki awa bakwai, in ka haɗa hotunan ranar sai ka rantse rana ce ke juyawa kamar taya. Abin da suke nema shi ne su auna ko rana zagayayya ce sosai ko ta ɗan baje a tsakiya, matsalar kuma ita ce babu gilashin kyamarar da ba shi da ɗan lanƙwasa, in ka ga gefe ɗaya ya ɗan kumbura ba ka san na rana ne ko na gilashinka ba. Sai ka mirgina. Kumburin da ya bi ka naka ne, wanda ya tsaya na rana ne. Da irin waɗannan hotuna Jeff Kuhn na Jami'ar Hawaii da abokan aikinsa suka fitar da sakamako a 2012 cewa da za a ƙanƙantar da rana ta dawo ƙwallo mai faɗin mita ɗaya, bambancin faɗinta ta ciki da tsayinta daga arewa zuwa kudu bai wuce kashi 17 cikin miliyan na mita ba, ko kaurin silin gashi bai kai ba. Tagwayen kumbunan STEREO da aka harba a Oktoban 2006 su ma ana mirgina su lokaci lokaci don a ware hasken da ke yawo a cikin bututun kyamara daga hasken korona na gaskiya.

Wannan warewar ita ce ke haifar da mafi yawan abubuwan da ke tsorata mutane, kuma nan ne nake ganin ya kamata a tsaya a fahimta. Hoton da kake gani ba shi ne ɗanyen da kyamara ta ɗauka ba. Ɗanyen cike yake da hasken da ba a so, na ƙurar da ke tsakanin duniyoyi da wanda ke tartsatsi a jikin na'urar, aman da rana ke yi kuma, wato gajimaren iska mai zafi da take watsowa sararin samaniya, wanda shi ake son gani, dishi-dishi ne a cikinsa. Sai kwamfuta ta tara hotunan kwanaki ta ƙiyasta hasken da ba ya canzawa ta ɗebe shi daga kowane sabon hoto. Lafiya lau muddin komai na zaune. Amma ranar da aka kifa kumbo, hasken jikin na'ura ya juya, na ƙura bai juya ba, lissafin jiya bai dace da hoton yau ba, sai ka ga wani gefe ya yi fari fat wani ya yi duhu, wasu zobba da tabo sun fito da ba su nan jiya, har sai an haɗa sabon ma'auni. Abu mai tafiya ma yana rikita lissafin. A farkon Disamban 2011 wani ya saka bidiyon kyamarar STEREO a YouTube yana nuna aman rana ya bi ta kan duniyar Makyuri, a gefenta kuma wani abu mai haske ya bayyana, ya ce jirgin baƙi ne daga wata duniya mai layar zana girmansa ya kai duniya guda, aman ne ya tona masa asiri. Mutanen ɗakin binciken sojan ruwan Amurka, su ke kula da kyamarar, suka ce a duba da kyau, abin yana zaune ne daidai inda Makyuri take jiya, sawunta ne da ya rage a lissafin ɗebewar. Da aka sake sarrafa hoton da cikakkun bayanai jirgin ya ɓace.

Shi kuwa mai fiffike biyu na bidiyon ƙanina, ba kowa ba ce Zara ce matar wata, ko wata 'yar'uwarta cikin duniyoyi masu haske, don duk suna ratsa gaban C3 in sun zo ta bayan rana ko ta gabanta. Idon kyamarar ƙananan gurabe ne 1024 a tsaye 1024 a kwance, kowanne na tara haske gwargwadon cikinsa, an kuma saita shi don abu mai dishi-dishi. In Zara ta faɗo ciki sai gurbin ya cika ya tumbatsa, kuma yadda aka ƙera abin kamar kunyoyin gona ne, ruwan da ya yi yawa ba ya tsallake kunya sai dai ya bi kwari ya miƙe gaba da baya. Fiffiken ke nan. Shi ya sa kullum a miƙe suke bisa layin kyamara, kuma duk duniyar da ta fi haske ta fi dogon fiffike. Kifawar digiri 180 ba ta tona wannan don layin kwance in ka kifa shi a kwance yake, amma a hoton da aka ɗauka kumbo na karkace za ka ga fiffiken sun karkace tare da shi.

Sai ɗige-ɗige da ƙananan layuka da ke fitowa a hoto ɗaya su ɓace a na gaba. Waɗannan ƙwayoyin zarra ne masu gudun tsiya da ke huda kumbon su bugi idon kyamara kai tsaye, wanda ya zo a tsaye ya bar ɗigo, wanda ya zo a kaikaice ya ja layi. A Janairun 2003, watanni kaɗan kafin eriya ta maƙale, wani kamfani a Ingila ya yi ta yayata cewa yana da hotunan jiragen baƙi daga SOHO, jaridu suka ɗauka, sai ma'aikatan SOHO suka mayar da martani da abin da har yau yake ba ni dariya, suka ɗauki ɗigo ɗaya irin wannan suka nuna mataki mataki yadda za ka ƙara girmansa ka sulɓe gefensa ka sa masa launi ya fito jirgi sak. Ka ga ke nan an riga an shuka zargi, sai kuma ga hotuna sun fara ɗaukewa duk wata uku, ai dole masu cewa ana ɓoye wani abu su samu abin faɗa. A ƙarshen Oktoban shekarar rana ta yi wata irin fashewa ranar 28 ga wata, ƙwayoyin suka rufe hoton LASCO ruf kamar talabijin ɗin da eriyarsa ta faɗi, aman ya iso duniya cikin awa 19 kacal, garin Malmo a Suwidin ya rasa wuta, taransifomomi suka lalace a Afirka ta Kudu. Wannan ne ma ya sa aka damu da giɓin tun farko, don masu hasashen yanayin sararin samaniya a garin Boulder na Amurka da hotunan LASCO suke ganin aman tun yana barin rana. Sai a Yunin 2024 aka harba tauraron GOES-19 ɗauke da sabuwar kyamarar husufi da za ta rage wa tsohon nauyi.

Ni a ganina hukumomin nan suna da ɗan nasu laifin, ba na ɓoyewa ba, na sakin abu ba bayani a jikinsa. Hoton yana fita intanet cikin awanni, inji ne ke sakawa ba mutum ya duba ba, bayanin sanda da fiffike da kafar makulli kuma yana can wani shafi daban da Turanci wanda mai tura bidiyo ba zai taɓa buɗewa ba. Da layi ɗaya suke liƙawa a jikin hoton ranar da aka kifa kumbo da an huta da rabin surutun. Amma kuma ba zan so su daina sakin ɗanyen ba, don wannan sakin ne ya sa mutanen gari, ɗalibai da malaman makaranta da 'yan fansho a ƙasashe daban daban, suke zama suna tace hotunan suna gano taurari masu wutsiya da ke faɗawa rana, har adadin da aka gano da SOHO ya kai 5,000 a Maris 2024, mafi yawa ba ma'aikatan NASA ne suka gani ba. Kuma aikinsu gaba ɗaya shi ne bambance ɗigon ƙarya da na gaskiya, na gaskiya sai ya fito a hotuna da yawa a jere yana tafiya a layi ɗaya da gudu mai ma'ana, na ƙarya sau ɗaya yake leƙowa.

Bayan kwana biyu yaron ya sake kira, ashe ya shiga rumbun hotunan da kansa ya ƙona datarsa yana bin wata wata, ya ce ya ga sandar tana ƙasa ta koma sama ta dawo ƙasa, kuma a hotunan kafin 2003 da ya buɗe tana ƙasa ta hagu abinta. Sai ya ce "To Yaya saura ɗaya, wani baƙin akwati mai kusurwa huɗu da na gani a wani hoton, kamar an liƙa faci, shi ma maiƙo ne?" Na ce a'a shi wannan a hanya ya zube, hoton ba a dunƙule yake zuwa ba, yanka shi ake yi ƙananan murabba'ai a turo ɗaya bayan ɗaya, in sigina ya yi rauni ɗaya ya ɓata sai a bar gurbinsa baƙi, sau da yawa in aka sauke abin da kumbon ya adana a rumbunsa sai facin ya cike, ya koma ya duba hoton ranar a jerin da aka gyara. Na kuma ce masa in yana son ganin abin kallo na gaske ya jira tsakiyar watan Mayu, lokacin da taurarin kaza da 'ya'yanta ke ɓacewa daga sama gab da faɗuwar damina saboda rana ta zo kusa da su, ya buɗe C3 zai gan su a dunƙule suna ratsawa ta saman faifan daga hagu zuwa dama, sun fi sati suna wucewa. Ya ce bari ya sa a kalandar waya, ya tambaye ni ranar nawa ga wata, na ce ya sa 15.